Mai kamfani a Istanbul, kamfani a Yamai: abin da ya faru a daminar 2023

Sana'ata riƙe wa ƙananan kamfanoni lissafi a Yamai, kuma cikin waɗanda nake riƙe wa har da na ɗan ƙanwata. Da izininsa nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ba, ko na kamfanin, ko na waɗanda yake yi wa aiki. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi, samarinmu da yawa yanzu ba su da burin da ya wuce sana'ar da za ta shige jakar kwamfuta, mutum yana Kasablanka ko Dubai kuɗi na shigo masa. Yaron nan ya yi wannan rayuwar da gaske, ya kuma ci moriyarta, har zuwa ranar da aka gwada ta.

Mu mutanen Tawa ne. Duk wanda ya san Adar ya san fita biɗa gadonmu ce. Da an ɗaure damman hatsi sai maza su kama hanya, wasu Abijan, wasu Kwatano, wasu Kamaru ko Libiya, sai damina ta kawo jiki a dawo. Shi ya sa da ya fara tafiye-tafiyensa ba wanda ya ga abin magana a gida. Mahaifiyarsa ma cewa ta yi zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sai dai kakanninsa in za su tafi, sukan damƙa gona da rumbu ga wani, su faɗa masa gaban shaidu abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba. Shi bai yi haka ba, don a ganinsa gonarsa tana rataye a kafaɗarsa.

Yadda kamfanin yake kafin abin ya faru

Ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ya ɗan yi aiki da wata ƙungiyar agaji, sannan ya buɗe nasa. Takardunsa cikakku ne, da rajistar kasuwanci da lambar haraji, yana biyan harajin ciniki na TVA, kashi 19 cikin 100, yana zuba wa ma'aikata kuɗin CNSS, wato asusun fansho da jin daɗin ma'aikata. A takardar kafa kamfanin shi kaɗai ne manajan da doka ta sani, a banki kuma sa hannunsa kaɗai ke fitar da kuɗi. Ma'aikatan dindindin uku ne: wata baiwar Allah da ke riƙe da aikin fili, wadda zan riƙa kira mataimakiya, da wani saurayi mai rubuta manhaja, da mai kula da ofis.

Babban aikinsu nazarin alƙaluma ne. Ƙungiya ta gina rijiyoyi a Keita ko ta raba iri a Bouza, masu ba ta kuɗi suna son sanin ko abin ya amfani mutane. Sai kamfanin ya tsara tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, a zuba su cikin wayoyin Android, a ɗauki matasa na ɗan lokaci su hau babura su shiga ƙauyuka. Manhajar tana aiki ko babu intanet, sai an dawo gari a tura abin da aka tara. Wanda bai sani ba zai ɗauka nan ne wahalar take, alhali tana gaba, wajen tsintar tsakuwa cikin shinkafa. Mace ɗaya ta fito sau biyu, nan da sunan yanka, can da sunan da ake kiranta a gida. Magidanci ya ce awakinsa uku a shafin farko, a shafi na biyar sun zama talatin, don ya fara zaton rabon tallafi za a yi. Tsohuwa an tambaye ta shekarunta ta ce ita dai ta yi wayo a shekarar babbar yunwa. Sai an zauna an gyara duk wannan ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ga allunan alƙaluma masu launi na manhajar Power BI da rahoton Faransanci da mai aiki zai gani. Biyan kuɗi kuwa kashi-kashi ne, a ba da kafin alƙalami, saura sai an amince da rahoto, wani lokaci bayan wata biyu ko uku.

Ban da wannan yana da ƴan manhajoji uku da yake kira aikin dare. Ta farko ta masu farmasi ce, tana lissafin magungunan da suka rage da waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa. Ta biyu ta dillalan albasa ce na Galmi da Tsernawa da Madawa, tana riƙe lissafin buhuna da bashi da motar da aka yi wa lodi. Ta uku, wadda ya fi ƙauna, ya gina ta ne don ƙananan ƙungiyoyin Turai, su riƙa biyan kuɗin wata ta kati. Ita ce ta fi cin lokacinsa, ita ce kuma ba ta taɓa mayar da kuɗin da aka kashe mata ba. Dalili ɗaya shi ne kamfanonin karɓar kuɗi ta kati irin su Stripe ba sa buɗe asusu ga kamfanin da rajistarsa take Nijar, sai an bi ta hannun wani.

In za a yi adalci, tafiya ta yi masa rana. Ofisoshin yanki na ƙungiyoyi da yawa a Dakar suke, kuma kwangila ba ta zuwa wa wanda ba a taɓa shan shayi da shi ba. A ƙarshen watan Mayun 2023 ya je Marrakesh taron baje kolin fasaha na GITEX Africa na farko, ya dawo da aikin da ake biya da yuro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, domin sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, yau da gobe ba ta motsi. Takwarorinsa na Najeriya a watan Yunin wannan shekarar aka saki naira, kowa ya kwana da lissafi ɗaya ya tashi da wani. Shi kam in an ce yuro dubu, ya san abin da zai shigo. A watan Yuli ya wuce Istanbul, da niyyar mako uku.

Daga 26 ga Yuli

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, ciki har da dakatar da hulɗar kasuwanci da ta kuɗi tsakanin Nijar da sauran ƙasashen ƙungiyar. Da shigowar Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke sha. Ranar 6 ga Agusta aka rufe sararin samaniya, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Siyasar abin ba ita ta kawo ni ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda waɗannan ranaku suka sauka a kan ofis mai ɗaki biyu.

Wuta ce ta fara. Duk bayanan wani babban bincike da ake tsakiyar yi a jihar Tawa suna cikin kwamfuta ɗaya da ke ƙarƙashin teburinsa, wadda yake shiga daga nesa duk inda yake. In babu wuta ba ya iya shiga. Wani dare mataimakiyar ta kira ni, na je na same ta zaune a ƙasa cikin duhu, fitilar waya a baki, batirin ajiya yana ta kukan nan nasa na cewa saura ƙiris. Tana ƙoƙarin kwashe bayanan zuwa wani faifai kafin ya mutu, amma kwamfutar ta nemi kalmar sirri, kalmar kuwa tana kan mutum ɗaya. A Istanbul dare ya riga ya raba, don suna gabanmu da awa biyu. Ta kira har sau bakwai kafin ya farka. Yana karanto mata haruffan ɗaya-ɗaya, tana bugawa da yatsa ɗaya, gumi na ɗiga a kan allon. An kwashe fiye da rabi batirin ya ɗauke. Sauran sai washegari da aka kawo wuta na ɗan lokaci.

Shekara huɗu tana wannan ofis. Ita ta horar da kowane mai tattara bayanai, ita ta san wane maigari ne sai an fara gaishe shi da goro kafin a shiga garinsa. Amma ba ta da kalmar sirrin kwamfutar da aikinta ke ciki. Ba rashin yarda ba ne, na tambaye shi daga baya, ya ce abin bai taɓa zuwa masa a rai ba, tun da kullum in an kira shi yana ɗauka.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi ciwo. Akwai matasa goma sha biyu a fili, tsakanin Illela da Keita, an yi musu alkawarin kuɗinsu a ƙarshen mako. Kuɗin yana banki. Don ya tura daga wayarsa sai an aiko masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes a layinsa na Nijar, layin yana aljihunsa a Turkiyya, saƙon kuwa ya ƙi zuwa. Ya kira ni.

"Kawu, don Allah ka je bankin ka yi musu bayani. Ai sun san ka."

Na ce, "Sun san ni, ɗana. Amma sa hannunka ne a takardarsu, ba nawa ba."

Na je duk da haka. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya kuma faɗa mini gaskiyar da na riga na sani: ba wakilci a rubuce, ba fitar kuɗi. Ko da akwai wakilcin ma, a lokacin takardar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna, ana ƙayyade abin da mutum zai cira, layi har bakin titi. Ban ga laifinsa ba. Dokar da ta hana ni ita ce ke hana ɓarawo.

Bizarsa ta kusa ƙarewa, sai ya koma Dakar, inda ɗan Nijar ba ya buƙatar biza kuma sefa iri ɗaya da tamu ake kashewa. A garin ne ma hedikwatar BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefarmu, take. Duk da haka kuɗinsa na Yamai sun yi masa nisa, saboda takunkumin ya tsaya tsakani. Ya shirya takardar wakilci, ya bi ta ofishin jakadanci aka buga mata hatimi, sai aka rasa mai kawo ta da wuri. Shi da takardar kusan tare suka iso.

Masu ba da aiki kuma suka yi tsit. Faransa da Jamus sun dakatar da tallafin raya ƙasa, Tarayyar Turai ta tsayar da tallafin kasafin kuɗi, Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi. Wannan yana gangarowa ne kamar ruwan tudu: mai ba da kuɗi ya tsaya, ƙungiya ta tsaya, ragowar kuɗin rahoton da aka riga aka miƙa ta tsaya. Aiki biyu da aka gama, ba a biya ba sai bayan watanni.

Abin da ya riƙe su

Abin da ya biya matasan nan goma sha biyu, ya kuma biya albashin Agusta, ƴan jikkunan masu farmasi ne da na dillalan albasa. Saboda yana ganin kuɗin ba su taka kara sun karya ba, tun tuni ya bar wa mataimakiyar karɓarsu. Masu farmasi na Yamai suna ba ta hannu da hannu, na Galmi suna aiko mata ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana da sunanta, ita kuma takan tara ta kai banki a ƙarshen wata. Na sha yi masa faɗa a kan wannan tsari, domin kuɗin kamfani da ke kwana da sunan ma'aikaci matsala ce ga lissafi da haraji, kuma har gobe ina kan wannan ra'ayi. Amma a watan nan su kaɗai ne kuɗin kamfanin da wani wanda ke cikin ƙasa yake da ikon taɓawa. Ta rubuta kowane dala a littafi, ta aika wa matasan haƙƙinsu, na cika abin da ya rage daga aljihuna a matsayin rance.

Na yi zaton dillalan za su daina biya, tun da su ma abin ya same su. Motocin albasa masu zuwa Ghana sun maƙale a iyakar Benin, albasa kuwa ba ta san jira ba. A ƙarshen Agusta na je gaisuwar rasuwa Tawa, sai na ratse Galmi wurin wani Alhaji da ke cikin masu amfani da manhajar. Na same shi a rumfa, warin albasar da ta fara lalacewa ya cika wurin, manoma biyar zaune a tabarma suna jiran jin matsayin kuɗinsu. Albasar rani ce da suka adana a rudu, wato rumbun albasa, tun girbi suna jiran farashi ya tashi, suka ba shi bashi a kan amana. Yaronsa ya buɗe waya yana karantawa: wane buhu kaza, a mota kaza, an ba shi kaza, saura kaza. Kowa aka karanta nasa sai ya gyaɗa kai. Na ce, "Alhaji, a wannan hali ma kuna biyan kuɗin wata?" Ya ce, "Malam, ai yanzu ne nake buƙatarta. Da riba ake ba wanda ke tambayar lissafi. Asara ce ke sa kowa ya tuna buhunsa."

Manhajar tana aiki a wayar ko babu intanet, kuma da Hausa take, da kalmomin da dillalai ke amfani da su. Saurayin nan mai rubuta manhaja ne ya nace a yi ta haka, bayan ya kwana biyu a kasuwar yana kallon yadda ake lodi.

Ta masu farmasi kuwa saura kaɗan ta tsaya, domin kuɗin hayar rumbun intanet da take zaune a kai daga katin bankinsa ake cira, katin kuma ya ƙi wucewa. Wani abokinsa a Dakar ne ya biya da nasa katin.

Bayan ya dawo

Ya sauka filin jirgin Diori Hamani a watan Satumba, ya rame. Mako bai cika ba muka zauna mu uku. Abubuwan da aka gyara ba su da wuyar faɗa. An je wurin notar, mai tabbatar da takardu a hukumance, an sa mataimakiyar ta zama manaja ta biyu, an kai sa hannunta banki da iyakar abin da za ta iya fitarwa ita kaɗai. Layin da banki ke aika wa lamba yanzu na kamfani ne, yana cikin wata tsohuwar waya a aljihun tebur, ba ya fita ƙasar. Kuɗin manhajoji suna shiga asusun kamfani, amma an ware abin da zai riƙe albashin wata biyu a inda za a iya kaiwa gare shi ba sai ta ƙofa ɗaya ba. An sa faifan hasken rana da batura. Kalmomin sirri suna hannun mutum biyu.

Inda muka daɗe muna ja shi ne wurare biyu. Na farko, ya ce a kwashe duk bayanai a kai rumbun intanet a huta da kwamfutar ƙarƙashin tebur. Mataimakiyar ce ta taka masa birki. Bayanan nan sunayen mata ne na ƙauye, da lambobin wayarsu, da yawan abin da suka ci jiya, da bashin da ke kansu. Sun faɗa ne don an ce musu sirri ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma fitar da irin waɗannan bayanai waje yana da ƙa'idojinsa. A nan ne ma ya amsa cewa duk tafiyar da ya yi akwai kwafin wasu a kwamfutarsa, yana ratsa filayen jiragen sama da su. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, fiye da maganar banki. Kuɗi in sun maƙale suna fitowa. Sunan matar da ta ce mijinta bai aiko ko dala ba tun da ya tafi Libiya, in ya fita ba ya dawowa. Yanzu ana cire sunaye da lambobi a ajiye su a ofis a kulle, abin da yake tafiya da shi alƙaluma ne zalla.

Na biyu, ya so ya buɗe wani kamfani a waje, a Amurka ko a Estoniya mai ba baƙi damar yin rajista ta intanet tun 2014, don kuɗin yuro su riƙa zama can. Na fahimci abin da ya tsorata shi. Amma na faɗa masa dokar musayar kuɗi ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, ba ta bar mazaunin ƙasa ya buɗe asusu a waje haka kawai ba sai da izini, kuma kamfani na biyu yana zuwa da harajinsa da nasa mai lissafin da za a biya da yuro. Duk wannan don manhajar da ba ta taɓa ciyar da kowa ba. Ya yi wata biyu yana juya maganar, sannan ya rufe manhajar ta uku. Na san ya ji zafin abin, don shekara biyu ya ba ta.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Sai a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyukan hukumarta ta agaji, USAID, suka tsaya, wasu ƙungiyoyin da yake yi wa bincike suka rage ma'aikata. A littafin da nake riƙewa, aikin nazarin alƙaluma da a da shi ne uwa, yanzu shi ke zuwa jefi-jefi. Farmasi da albasa su ke biyan albashi. An ƙara da masu sayar da takin zamani na Konni, waɗanda dillalan ne suka kawo su da bakinsu. Da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a ƙasar a 2025, ɗaya daga cikin hujjojinsa na zama waje, wato intanet mai ƙarfi, ta rage nauyi. Bai daina tafiya ba, ni ma ban ce ya daina ba. Sai dai ta koma mako biyu ko uku, kuma kafin ya fita sukan zauna da mataimakiyar su rubuta abin da za ta yanke ita kaɗai da abin da sai ta jira shi.

Akwai magana ɗaya da ba a gama ba. Bayan an sa ta manaja ta biyu, ta same ni ta ce, "Baba, in nauyin kamfani zan ɗauka a gaban doka, ya kamata in san mene ne nawa a ciki." Tana nufin kaso a mallaka, ba ƙarin albashi ba. Na kai masa maganar, na kuma faɗa masa ina bayanta, don na ga daren da ta zauna a ƙasa da fitila a baki. Ya amince da asalin maganar, amma sun saɓa a kan yawan kason, da kuma ko manhajar albasa tana ciki, tun da saurayin da ya gina ta shi ma yana da bakin magana. Daftarin yana wurin notar. Shi kuma yana shirin zuwa Guangzhou baje kolin watan Oktoba don duba ƙananan injinan buga rasit da masu farmasi ke nema, can kuwa WhatsApp ba ya aiki. Ta ce masa a sa hannu kafin ya tashi.